Ƙofar da Musbahu Ya Yi da Katakon Kaftin

Ni Mika'ilu tela, bango ɗaya ya raba ɗakina da na Musbahu Jaji a unguwar Sersouf ta Tamanrasset, saboda haka kada wani ya zo ya ba ni labarinsa. Na san shi sarai. Kafinta ne ɗan Damagaram, hannunsa akwai albarka, amma ƙafar yawo gare shi. Ya zauna Tanut, ya zauna Agadas, ya taɓa Ingal, duk inda ya yi wata shida sai ya ce garin ya cika masa ciki. Ko shayi zai sha, a tsaye yake shan kofin farko, na biyu yana leƙen hanya, na uku kuwa sai dai a bi shi da shi.

Matarsa Rakiyatu ce ta sha wahalar. Shekara tara tana ɗaure kaya tana kwancewa. Da suka sauka Tamanrasset, shekara guda bayan Aljeriya ta samu 'yancin kanta, ya kama ɗakin laka, ya rataya tsohon buhu a bakin ƙofa. Kafinta fa, buhu! Katako a garin nan ya fi nama wuyar samu, gaskiya ne, amma Rakiyatu ta san ba wannan ne dalili ba. Mutumin da ke shirin tashi ba ya kafa ƙofa.

Wata safiyar Juma'a na ji ta ta bayan bango, ba da faɗa ba.

"Maigida, kamiyon Agadas, babbar motar nan, zai tashi ran Alhamis. In na ga ƙofar katako a ɗakin nan, na san ka zauna, ni ma na zauna. In buhun nan ne, zan koma gidan ubana a Damagaram. Na gaji."

Hankalinsa ya tashi, don yana son matar nan, wallahi yana son ta. Sai Allah ya kawo Alhaji Tasi'u, mai kanti a kasuwa, wanda ya karɓi gidan da wani kaftin na sojan Faransa ya bari. A babban ɗakin gidan an shimfiɗa katako a ƙasa, ƙanana ƙanana, kowane tsawon kamu ɗaya da rabi, an manne su da kwalta a kan siminti. Alhaji sito yake so, na dabino da gishiri. Ya ce wa Musbahu ya ɓamɓare su duka, katakon ya zama ladansa.

Na je na gani. Kai, katako ne! Jajaye, masu santsi, ko gara ba ta taɓa su ba. A jera su a kan sanduna uku, a buga ƙusa, ƙofa ta samu har da ragowar taga.

Sai dai aikin ba ya son gaggawa. Za ka durƙusa, ka sa bakin ƙarfe mai faɗi ƙarƙashin guda, ka riƙa buga guduma sannu sannu har kwaltar ta saki. Ka matsa da ƙarfi, ya tsage. Da sanyin safiya kwaltar takan bushe ta ɓalle da sauƙi, rana na ɗagawa ta koma danƙo, ta kama ƙarfe, ta kama yatsu, ta kama wando. Asabar da Lahadi Musbahu ya yi a durƙushe, guda talatin da ɗaya ya fitar lafiyayyu, ya fasa kusan ashirin. Ƙofa kuwa tana son sittin ko fiye.

Na ce, "Jaji, lissafinka ya fita ai. Kwana biyu nan gaba ka gama, Laraba ka haɗa."

Yana ta zagaya ɗakin kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya ce gwiwoyinsa sun mutu, ya ce Nasara bai iya komai ba sai wahalar da mutane, ya ce ai akwai hanya. Wace hanya? Ta gida. A Damagaram in za a fasa tsohon daɓe, mata sukan kwarara masa ruwa ya kwana, da safe sai a kwashe shi da fartanya kamar tuwo. Duk wanda ya tashi a can ya san haka. Ni ma na sani, shi ya sa bakina ya yi nauyi, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na ce dai, "Wannan ba daɓe ba ne." Ya ce ƙasa ƙasa ce.

Ya ari jaki biyu, ya yi ta jigilar salka daga rijiya har la'asar, a garin da ake ririta ruwan alwala. Ya malale ɗakin kaf. Don kada talatin da ɗayan nan su ɓace, ya jingine su a kusurwa, cikin ɗakin. Ruwa ya bi ƙarƙashinsu su ma.

Da safe muka buɗe. Tabɗi! Katakon ya tashi kam, ba ƙarya. Ya sha ruwa ya kumbura, ya ture juna, tsakiyar ɗakin ta yi tozo. Da hannu ma kana kwasa. Musbahu ya yi dariya, ya ce, "Ka gani, tela?" Ya kwashe su ya baza a rana don su bushe da wuri. Kafin azahar kowane guda ya lanƙwashe kamar ɓawon kankana. Ka haɗa biyu, ɓera ya wuce ta tsakani.

Ya zauna a ƙasa. Ranar na fara ganin Musbahu a zaune ba abin da ke motsi a jikinsa.

Ran Alhamis Rakiyatu ta ɗaga buhun ta fito da ƙunshinta. Ta dubi tarin katakon, ta dube shi. Ya fara rantse-rantse, ta ce, "Bari, maigida. Kwana biyu kawai aka ce ka yi haƙuri." Ta hau kamiyo tana kuka, shi ma yana yi, a gaban direba da kowa.

Na ɗauka sati ba zai cika ba zai ɓace. Ina! Alhaji ya sa shi ya kankare kwaltar da ta rage a simintin, ya yi kwana goma sha ɗaya yana yi da gwiwa. Katakon kuma ya jera su a inuwa, ya danne da duwatsu, kowace safiya ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Wata huɗu. Waɗanda suka miƙe ya fere su, ya haɗa ƙofa. Karkatacciya ce, sai ka ɗaga ta ta ƙasa take rufuwa. Ya aika saƙo Damagaram ta bakin direbobi, amsa ba ta zo ba.

Yawon bai bar jikinsa ba. Sau biyar a yini zai je tashar kamiyo ya dawo. Aka zo nemansa aikin rufin wani gida a garin Idlès, aiki mai kyau, irin wanda da can ko takalmi ba zai tsaya ɗauka ba. Na ga ƙafarsa na rawa. Ya ce a'a.

Na ce, "Kai ɗin, Jaji?"

Ya ce, "In ta zo ta tarar da ƙofa ba ni fa?"

Wata goma sha huɗu ya yi yana wannan sintiri. Ranar da Rakiyatu ta sauko daga kamiyo, yana tashar. Ta biyo shi har gida, ta tura ƙofar, ƙofar ta cije. Ya yi wuf zai ɗaga mata, ta riƙe masa hannu.

"Bari na koya," in ji ta. "Ni zan riƙa buɗe ta kullum."