Kilishi a Bakin Binuwai

Wane mutum zan bar wa jikokina, wanda na zauna da shi ko wanda ke cikin wayarsu? Tun da na fita takaba nake juya tambayar nan. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini, in na yi shiru kuka ne ya tare ni.

Mijina kilishi yake yi a nan Garwa. Aikin jira ne: a yanka nama falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, kwaɓin gyaɗa da yaji, a sake shanyawa. Shi ma haka yake, sai ya wuni bai yi magana ba.

Wata shekara masu talabijin suka zo daga Yawunde, wai za su koya wa 'yan lekol, wato 'yan makaranta, sana'o'in gargajiya. Shugabansu ya tsaya yana kallon nama a rana, can ya ce ta bakin tafinta, "Baba, yaushe wani abu zai faru?"

Malam ya ce, "Ai yana faruwa."

Washegari suka kwashe asabarinsa zuwa bakin kogin Binuwai don dorina ta fito a hoto, wurin da ko mahaukaci ba zai shanya nama ba saboda ƙuda. Suka sa masa babbar riga, suka ɗauko mai kalangu, suka hura wutar da za ta ƙone sa guda. Suka ba shi karin magana ya haddace. Na ce, "Malam, yaushe ka zama maroƙi?" Ya ce in yara za su kalla, a bar su.

Sun kuwa kalla. Malamar lekol ta ce ko gyangyaɗi babu wanda ya yi. Da an nuna aikin yadda yake, ni kaina da na yi barci.

Yanzu da ba ya nan, hoton nan da ke cikin wayar yara ne kaɗai wurin da yake motsi. Jikokina sun san kakansu mai raha ne, mai hikima, abokin dorina. Ni ma, Allah ya yafe mini, nakan ce su kunna. In ya yi dariyar da aka sa shi, sai hawaye su zubo mini kamar na taɓa jin ta a gida.

Rannan babbarsu ta ce, "Kaka, me angonki ya ce miki a ƙarshe? Na san magana ce mai nauyi."

Karin magana ya zo mini har baki, mai daɗi, da zai dace da babbar rigar nan. Na haɗiye. In ni ma na ƙara gishiri, babu sauran wanda ya san shi. Na gaya mata yadda aka yi. Da hantsi ne, na tallafo kansa, ya kurɓa, ya dube ni ya ce, "Kunun nan ya huce."