Kek Ɗin Sunan Da Ba A Yi Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin mutanen da muka zauna tare shekara da shekaru, amma akwai wani hantsi a kicin ɗin ƙanwata a Malali da ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, cikin bazara, lokacin ina koyar da girke-girke a wata makarantar 'yan mata a nan Kaduna.

Mu biyu ne kaɗai a wurin Inna, ni ce babba, mahaifinmu kuwa ya rasu tun muna 'yan mata. Ƙanwata ta auri wani ma'aikacin gwamnati, mutum mai sanyin hali wanda magana ba ta dame shi ba, aka ba su gida a sababbin kwatas ɗin Malali. Sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba. Ni har na yaye na uku, ita kuwa sai ɓari take ta yi, har ta kai in an gayyace ta suna sai ta ce kanta na ciwo. To da wannan cikin ya zauna, ya cika watanninsa, ta sauka lafiya a asibiti aka samu ɗa namiji, murnar da muka yi ba ta faɗuwa. Mijin ya roƙi Inna kada a tafi da ita Zariya wankan gida, don likita yana son ya riƙa duba ta. Inna ta yi mitarta ta gaji, sannan ta ɗaure kayanta ta taho da kanta.

Ni na ɗauki nauyin kayan toye-toye na suna. A wancan zamanin ba kowace mace ta iya kek ba, ga shi abokan aikin mijin za su zo da matansu, ina so ƙanwata ta fita kunya. Gidansu akwai murhun lantarki mai wurin gashi a ƙasa, wanda muke kira obin, ni kuwa a gidana da tukunya da yashi nake gasawa. Sai na kwaso gwangwanayen gashin kek ɗina na tare a can. Na yi kek, na yi donat, na yi ƙananan burodi masu zaƙi, na soya cincin, muka cika manyan kwanonin samira muka rufe da fefe. Ina cikin aikin mai jego za ta lallaɓo bakin kicin da jaririn a kafaɗa, ta faki idon Inna ta ɗauki kek ɗaya mai zafi, tana ce masa, "Ka ji ƙamshin da babarka ke tayarwa duk saboda kai." Ban taɓa ganinta da fara'a irin ta waɗannan kwanakin ba.

Ana saura kaɗan suna yaron ya fara ƙin nono. Idanunsa suka yi ɗorawa, jikinsa ya saki. Inna ta ce shawara ce, uban ya ɗauke su a mota zuwa asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan kam na shaida. Ranar jajibirin suna, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegari. Babu waya a gidajen mutane, ba kowa labari ya isa gare shi ba. Mata suka riƙa isowa cikin kwalliya, da sabulu da 'yan riguna a ƙunshe, sai sun shigo su tarar da tabarmin gaisuwa. Wata gwaggon mijin da ta taso daga Rigasa tun daga bakin ƙofa ta saki guɗa, aka yi sauri aka riƙe ta. Har yau ina jin yadda guɗar nan ta katse a tsakiya. Ragon da aka ɗaure a gindin mangwaro mijin ya sa aka yanka aka rabar sadaka, bai ko leƙa wurin ba.

Inna ta ce a kawar da duk abin da zai tuna mata. Aka kwashe kayan jariri aka kai maƙwabta, aka ɗauke ɗan gadonsa, kwanonin toye-toyena aka tura su sito aka ja ƙofa. Duk cikin ƙauna muka yi, haka muka taso muka ga ana yi. Ita kuwa ko hawaye ba ta yi ba. Tana zaune a bakin gado, an yi mata gaisuwa ta amsa, an yi addu'a ta shafa. Tsofaffi suna ta yaba ta, wai ta yi tawakkali, ta kuma yi kunyar ɗan fari kamar yadda ake son 'yar mutunci ta yi.

Sai dai fa ba ta cin komai. Kunun kanwa yadda aka kai haka ake dawo da shi. Na yi farfesun kaza, na yi tuwo mai laushi, na yi faten doya, sai ta ce, "Ajiye, Yaya, zan ci," ya huce a wurin. Ga wankan jego ba a fasa ba, safe da yamma Inna na gasa mata jiki da ruwan zafi. Ga nono yana ta zuba yana jiƙa mata riga, babu mai sha. Wata rana ta fito daga wanka jiri ya ɗebe ta, da kyar muka tare ta. Likita ya zo ya ce in ba ta fara ci ba zai kwantar da ita a sa mata ruwa. Mijin ya same ni a tsakar gida, idanunsa jawur, ya ce, "Yaya, na rasa ɗaya, ina tsoron in rasa biyu. Don Allah ki yi wani abu."

Washegari da safe na shiga sito ɗibar shinkafa, na ci karo da kwanonin nan. Cincin dai an rabar wa yaran masu gaisuwa, amma sauran suna nan. Zafin bazara ya busar da su, kek ya yi tauri, donat ya yamutse, burodin in ka jefi mutum da shi sai ya ji ciwo. Inna ta leƙo ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Fitar da su ta baya tun ba ta gani ba, a ba masu kaji."

Na kasa. Da hannuna na kwaɓa su, ina waƙa. Ina tsaye ina kallonsu sai na tuna wani abu da wata Baturiya ta koya mana a makarantar horon malamai, wanda suke kira fudin, da busasshen burodi ake yin sa. Abu ne mai laushi, ba ya buƙatar tauna, ga madara ga ƙwai. Ƙanwata kuma tun tana yarinya tana son cakulan. Na ce a raina in na zuba garin cakulan ya rine shi ya yi duhu, ba za ta gane daga inda ya fito ba, wataƙila ta haɗiyi ko cokali biyu.

Na tura ƙofar kicin na fara aiki. Na shafe farantin gashi da bota. Na fasa ƙwai na kaɗa, na huda madarar gwangwani na sirka da ruwan ɗumi, na zuba sukari kaɗan tunda kek ɗin da zaƙinsa, na kankare gyaɗar ƙamshi a ciki, sannan na dama garin cakulan har ruwan ya yi kalar ƙasa. Na zauna ina yayyanka kek da donat ƙanana-ƙanana, wuƙa na ƙara saboda taurinsu. Ban ji takunta ba. Ɗagowar da zan yi na gan ta riƙe da ƙyauren ƙofa, zani a ƙirji, ta zuba wa kwanon ido.

"Yaya, na sunan ne?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Shi ne."

Ta shigo a hankali ta zauna a kujerar tsuguno. Ta ɗauki kek ɗaya ta jujjuya shi a hannu. "Na ɗauka kun zubar," in ji ta. "Komai nasa kun kwashe. Na farka na duba ɗakin, kamar ban taɓa haihuwa ba. In ba don rigata da ke jiƙewa ba, da sai in ce mafarki na yi."

Na ce, "Don kada ranki ya ɓaci ne."

"Na sani. Amma Yaya, yana da suna fa. Tun a asibiti babansa ya yi masa huɗuba, ina ji. Mutum nawa suka shigo gidan nan? Kowa sai ya ce yaron, sai ya ce abin da ya faru. Ba wanda ya tambaye ni sunansa. Ke ma ba ki tambaya ba."

Gaskiyarta. Jira muke a raɗa ranar suna, da ba a kai ranar ba kuma sai kowa ya ga ba maganar tayarwa ba ce. Na ajiye wuƙar na ce, "To faɗa mini."

Ta faɗa. Sunan mahaifinmu ne. Tana rufe baki kukan da ta riƙe tun ranar ya ɓalle mata, irin kukan da ke fitowa daga ciki. Na rungume ta muna yi tare. Inna ta shigo da sauri, ta ga kwanon a buɗe, ta gan mu a ƙasa. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɗan fari ne fa. Mutane na falo."

Ƙanwata ta ɗago ta ce, "Inna, kunyar wa zan ji? Wadda ɗanta ke raye ita ke ɓoye sunansa, don tana ganinsa kullum. Ni sunan kaɗai aka bar mini." Ta sake faɗar sunan, ta ce, "Babansa ya ce don ke ya sa masa."

Inna ta tako zuwa inda muke. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan mahaifinmu a bakinta ba, yana raye ko bayan ransa. Ko wani mai sunan ta haɗu da shi, sai ta laƙaba masa wani. Amma ranar ta durƙusa a gaban ƙanwata, ta dafa kanta, ta kira sunan nan sarai, ta ce Allah ya sa mai cetonmu ne, Allah ya haɗa shi da mai sunansa. Sannan ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska.

Da muka ɗan natsu, ƙanwata ta share ido ta ce in ba ta wuƙar. Ita ta ƙarasa yankan. Na nuna mata yadda za ta jera gutsattsarin a faranti, ta juye ruwan cakulan a kai, ta riƙa dannawa da bayan cokali har suka sha suka yi laushi. Muka bar shi ya jiƙa, sannan na sa a obin. Ba wadda ta tashi a cikinmu. Muna zaune a ƙasan kicin ƙamshi ya cika gidan, tana ba mu labarin yaron, yadda yake damƙe mata yatsa, yadda yake yamutsa fuska in zai yi atishawa. Kwanakinsa kaɗan ne a duniya, amma ashe ta tara labarinsa da yawa, ba ta samu mai saurare ba.

Ya gasu wajen hantsi, lokacin karin kumallo ya wuce, na rana bai yi ba. Samansa ya yi ɓawo, cikinsa na motsi. Ta ce a kira mata mijinta. Ya shigo yana mamakin ganinta a kicin, ta ɗiba ta miƙa masa ta ce, "Na sunan ɗanka ne." Ya karɓa ya juya mana baya, na ga kafaɗunsa na girgiza. Ita ma ta ɗiba ta ci, tana ci hawaye na zuba a cikin kwanon. Ba ta ci da yawa ba, amma shi ne abu na farko da ya shiga cikinta. Sauran ta sa aka rarraba wa maƙwabta, ta ce duk gidan da aka kai a faɗa musu na sunan wane ne. Da yamma ta nemi kunu da kanta.

Ba zan ce daga ranar ta warke ba. Ta daɗe tana ramewa, akwai ranakun da ba ta fita daga ɗaki. Daga baya Allah ya ba ta 'ya'ya mata biyu, bai sake ba ta namiji ba. Har ta rasu, in aka tambaye ta 'ya'yanta sai ta ce uku, ta fara da shi.

Abin da na koya shi ne, wanda aka yi wa rasuwa ba mantuwa yake nema a wurinmu ba. Mukan kwashe kaya, mu yi shiru, mu ce muna tausaya masa ne, alhali mun bar shi shi kaɗai da abin da ke cinsa. Tun daga lokacin, in na je gaisuwa, ko da ta jaririn da bai kwana ba ce, bayan na yi addu'a nakan matsa kusa da uwar in tambaye ta sunansa, in zauna in saurari abin da za ta ce.