Jan Ƙyallen Bakin Kanal da Gwaggo Talatu Ta Bari

Shekara uku ke nan da rasuwar Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, amma har yau idan na ji ƙarar sarƙar keke a ƙofar gida sai na ɗaga kai. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta.

Ga wanda bai san ta ba, gurguwa ce, shan inna ya riƙe mata ƙafafu tun tana ƙarama. Da keken guragu take yawo, wanda ake murzawa da hannu, tana bin gefen kanal ɗin ruwan noman rani daga ƙauyenmu har Bunkure, wata rana har Kura. Damatsanta sun fi na masu dakon tumatir ƙarfi. Ita da wasu mutane kaɗan suka kafa ƙungiyar nakasassu a yankinmu. Ƙungiyar ba ta gwamnati ba ce, amma gwamnati tana ba ta tallafi bayan an turo ma'aikata sun ga aikin da ido. Karatuna bai yi nisa ba, ban san yadda ake cike takardun ba. Abin da na sani shi ne abin da tallafin ya zama a ƙauyenmu.

'Yata ta fari kurma ce. Zazzaɓi mai zafi ya kama ta tana shekara biyu, da ya sake ta ya tafi da jinta. Yanzu shekararta bakwai. Mai karatu zai lura ban kira sunanta ba. Haka aka tashe mu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Yarinyar nan" nake cewa, kowa ya gane.

Ƙaramin kanal ɗin da ya bi ta bayan gidajenmu ba kullum yake da ruwa ba. Da rani ana raba ruwa ne layi-layi, ranar da ba tamu ba ce sai ya bushe, yara su shiga ciki suna wasan ƙasa. Idan an saki ruwa kuwa, da baki ake sanarwa. Na sama ya yi ihu, "Ruwa! Ga ruwa nan!" na ƙasa ya karɓa, yara su yi tsalle su fito. Tun da aka haƙa kanal haka ake yi, kuma babu wanda ya taɓa tunanin yaron da ba ya jin ihu sai Gwaggo.

Wajen Malam Audu mai buɗe ruwa ta je, ta tokare masa hanya da kekenta. Ya ce, "Hajiya Talatu, aikina buɗewa da rufewa ne." Ta ce, "To ni ma aikina zama ne, mu ga wanda zai gaji." Kwana uku tana zuwa. Daga ƙarshe aka yi yarjejeniya: kafin ya saki ruwa zai sanar da ƙungiya, wani daga cikinsu ya bi layin da babur yana ɗaga jan ƙyalle a kan gora a kowace gada. Tallafin ne yake zuba wa babur ɗin mai. Shi ne kuma ya ɗauko mana Malama Rifkatu, mutuniyar Filato, tana koya wa kuramen yara maganar hannu a gindin mangwaro. Abu na farko da yarinyar nan ta koya shi ne in ta ga ja a sama, ta fito daga kanal. Na biyu, yadda za ta ce da ni uwa. Ranar da ta fara yi min, ɗaki na shiga na yi kukana, don kada surukata ta gani.

Duk ranar da ma'aikata za su zo dubawa, Gwaggo tun da sassafe take bin gida-gida. Ba ta ko gama sallama.

"Ke Binta, fito min da ita."

"Gwaggo, baƙi ne fa, har da maza."

"Baƙin ita suka zo gani, ba tukunyarki ba. Wannan kunyar 'yar fari da kike yi, kanal ya san da ita?"

Sai ta zizara mata kwalli, ta ɗora ta a gaban keke, su tafi. Ni ina daga soro ina leƙe, rabi haushi rabi daɗi. Na ɗauka tsiwa ce irin tata. Ban gane cewa wannan bugun ƙofar shi ne rabin aikin ba sai da ta kwanta dama.

Bayan rasuwarta ma'aikatan suka dawo. A wannan karon babu mai buga ƙofa. Sai muka yi abin da muka saba yi in an yi baƙi: muka share tsakar gida, muka shimfiɗa tabarma, muka ɓoye abin da ba ma so a kalla. Surukata ta ce, "Shigar da ita ɗaki, kada a yi ta nuna ta, bakin mutane ba shi da kyau." Ba mugunta ta sa ta faɗa ba, jikarta ce, tana son ta. Amma ni da hannuna na ja ƙyauren. Wata mata cikin ma'aikatan ta shigo har tsakar gida, ta gaishe mu da mutunci, ta tambaya, "Akwai mai wata lalura a gidan nan?" Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau muke, alhamdulillahi." Ai haka ake amsa wa baƙo. Daga baya na ji kusan kowane gida amsar da aka ba su ke nan. A gindin mangwaro suka tarar da Malama Rifkatu da wasu tsofaffin makafi biyu, sai allo da tabarmi babu yara. Ban ga laifinsu ba. Abin da suka gani suka rubuta. Tallafi bai sake zuwa ba.

Da Gwaggo za ta leƙo yau, ban san da wane ido zan dube ta ba. Babur yana jingine a wani soro, tayoyinsa sun kwanta. Malama Rifkatu ta daure wata da watanni, daga baya ta koma aikin zaɓen tumatir a Kadawa, sai jefi-jefi take leƙo mu. Gorunan wasu sun faɗi, wasu an yi girki da su. Ɗaya daga cikin ƙyallayen na gan shi a gonar shinkafa, an ɗaura shi ana korar tsuntsaye.

Ranin da ya wuce ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ihun ruwa. Na duba inda na bar yarinyar nan, babu ita. Ban san sadda na fita ba mayafi ba takalmi. Tana tsugune a tsakiyar kanal, ta ba ruwan baya, tana gina ɗakin ƙasa. Sauran yara sun fito suna ta ƙwala mata kira. Sai na ga ta ɗaga kai ta dubi gada, kamar yadda aka koya mata. Babu ja. Ta mayar da kai ta ci gaba da wasanta. Wata mai tallar kunu ce ta diro ta fizgo ta, ruwa ya riga ya kai musu gwiwa. Yarinyar ba ta yi kuskure ba. Ta yi abin da aka koya mata daidai, mu manya ne muka daina.

Tun ranar ba ni da natsuwa. Ko turmi aka buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Na gwada kulle ta a gida, ta yini tana dukan ƙyaure, kuma yaro ba akuya ba ne da za a ɗaure. Na yanka jan zanena na kai gadar bayan gidanmu, amma wa zai gaya min lokacin ɗagawa? Malam Audu yana can nesa, ni ina nan. Ƙyallen da aka bari a sama kullum ba ya gaya wa kowa komai. Ga rani ya sake matsowa, an fara gyaran gonakin tumatir.

Makon jiya Malama Rifkatu ta zo ta ce ta yi ta rubuta takarda har an amsa, za a sake turo masu dubawa kafin a fara rabon ruwa. Ta kalle ni ta ce, "Maman yarinya, wannan karon in suka tarar da tabarma kawai, shi ke nan." Ban san ko za a dawo da tallafin ba ko da sun gan mu. Wannan ma yana hana ni cin abinci. Roƙona ga masu yanke hukunci shi ne su sani, a wajenmu "lafiya lau" gaisuwa ce, su ƙara tambaya, su ɗan jira.

Gwaggo ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Kekenta ma an ba wani. Da na zauna na auna, abin da ya rage nata shi ne bugun ƙofar nan, kuma ba ya buƙatar mai ko takarda. Na gaya wa maigidana, ya ce in je. Ranar da za su zo zan bi gidajen da Gwaggo take bi. Amma daga gidanmu zan fara. Zan sa mata kwalli, in riƙe hannunta har gindin mangwaro, in an tambaya in amsa da bakina.

'Yata ce ta fari. Ba ta jin ihu. Sunanta Safiya.