Idon Alcide na Hagu

Shekara ashirin da shida Alcide Guillory yana aiki a injin casar shinkafa a Louisiana, amma da hannuwansa aka san shi. Duk watan Maris, idan manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka suka turo wakilansu jami'a don su gwada samarin da za su zaɓa, shi ake kira ya tsaya a fili. Masu jifa, waɗanda su ne jagororin wasa, su yi ta antayo masa ƙwallon nan mai tsini biyu, shi kuwa yana cafewa. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da wasa tun yana saurayi. Wannan yini ɗaya a shekara shi ne duk rabonsa, kuma yana ji da shi fiye da ranar haihuwarsa.

Abin da ya ɓoye wa kowa, har matarsa, shi ne idonsa na hagu ya yi yana. Ranar da aka sani, an daina kiransa ke nan.

A bana samari biyu ake kwatantawa. Akwai Tavion, dogo, ƙaƙƙarfa, ɗan gaban goshin jaridu. Akwai kuma Ezra, wani ɗan gajere da ake cewa ko hango gaba ba zai iya ba ta bayan ƙattin da ke kare shi.

Tavion ne ya fara. Jifansa har fito yake yi a iska. Biyu suka zo ta hagu, Alcide bai gan su ba sai da suka doki kafaɗarsa suka faɗi.

"Haba tsoho, man shanu ka shafa wa hannun?" in ji Tavion. Aka kwashe da dariya, Alcide ya haɗiye.

Sai Ezra. Jifansa na farko shi ma ta hagu ya zo, Alcide ya karkata kai gaba ɗaya, ya cafe da ƙyar. Saurayin ya tsaya ya dube shi jim kaɗan.

Daga nan Alcide ya ga abin da bai taɓa gani ba. Yadi goma, yadi talatin, yadi hamsin, a tsaye ko a guje, ƙwallon wuri ɗaya yake sauka: dama, ƙasan kafaɗa kaɗan, inda idonsa mai lafiya ke gani tas. A hankali yake zuwa, kamar ana miƙo masa jariri. Jifa arba'in ba kuskure ko ɗaya. Kallo ɗaya yaron nan ya yi masa ya karanta abin da matarsa ta kasa ganowa, ya kuma rufa masa asiri a gaban jama'a.

Da aka tashi, Wendell, tsohon wakilin wata ƙungiya kuma abokinsa na shekaru, ya same shi yana cire safar hannu.

"To sarkin cafiya, wa hannunka ya zaɓa?"

"Ƙaramin."

"Kai dai, don bai ba ka kunya ba! Ni kam na rubuta: jifansa gefe ɗaya ne, ba ya iya hagu. Duk mun lura. Ranar zaɓen 'yan wasa, zai zauna ya ga ana ta kiran sunayen wasu."

Ashe alherin da yaron ya yi masa shi ake shirin rubuta masa a matsayin aibu. Ya dubi filin da ya fi so a duniya, ya daɗe yana dubansa.

"Wendell, ɗaga yatsunka ta nan haguna ka tambaye ni nawa ne."

Wendell ya ɗaga uku. Alcide bai ga ko ɗaya ba. Sannu a hankali Wendell ya sauke hannun.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Shi a jifa ɗaya ya gane. Ku kuwa da agogunanku da littattafanku kuna zaune."

Wendell ya buɗe littafinsa, biro a hannu, ya kasa rubutu.

"Alcide, in na faɗi dalili, ka san baɗi ba za su kira ka ba."

"Na sani," in ji Alcide. "Rubuta dai. Ka rubuta da manyan baƙi."