Littafin da muka kai bagade tare da doya

Shekarun baya, zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa Kafanchan ran da ya ga dama, matata ta rubuta littafin labari. Ita malamar firamare ce, ni kuma akawu a tashar jirgi, aikin da a lokacin rabinsa hamma ce. Labarin wata gwauruwa ne mai noman citta, wadda dangin marigayi mijinta suka tashi ƙwace mata gona. Ni na buga mata shi da tafiretar ofis, da yatsa biyu, shi ya sa har yau nake jin ina da kaso a ciki.

Ba hanyar da aka nuna mana da ba mu bi ba. Wani kamfanin ɗab'i ya dawo mana da shi, wai littattafan makaranta suke nema. Wani ko amsa babu. Abokina ya ce a Kano marubuta kan haɗa kai su buga nasu, to mu wa muka sani a Kano? Wata jarida ta ce za ta riƙa saka shi kaɗan-kaɗan, muka yi ta saye muna dubawa, ƙarshe mai ƙosan layinmu ce ta amfana da takardun.

Ranar nan matata ta ce da ni, "Baban yara, gwaji ɗaya ya rage mini. In shi ma bai yi ba, na ajiye biro ke nan har abada." Na san ta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Majami'armu tana da injin gurza takarda, wanda ake juyawa da hannu a fitar da waƙoƙin sujada. Ta roƙi fasto, ya ba ta aro. Muka gurza, muka ɗinke da zare, hannuwanmu baƙi ƙirin da tawada. Sai da muka gama ta gaya mini inda za ta kai shi: Godiyar kaka.

A wajenmu, ranar Godiya kowa yakan kawo abin da gonarsa ta ba shi, doya, citta, acca, kaza, har akuya. A jera gaban bagade, wato teburin da ke gaban majami'a, a yi addu'a, bayan sujada a fito fili a yi gwanjonsu don aikin ikilisiya. Babu kunyar da ta kai a ɗaga kayanka sama, jama'a su yi tsit.

Na ce, "Ki kai kaza mana kamar kowa."

Ta ce, "Ni abin da na noma ke nan."

Wani dattijon ikilisiya ma ya tare ta a ƙofa, wai ba a kai labarin ƙarya gaban bagade. Ta rusuna ta ce, "Baba, ai Ubangiji ma da misalai ya koyar da mu." Sai ya matsa, ya ba ta hanya.

Mai yi mana gwanjo wani ɗan kasuwa ne Ibo, haifaffen unguwar ma'aikatan jirgi, bakinsa ba ya hutawa. Da ya zo kan littattafan, ya ɗaga ɗaya ya jujjuya. "Wannan kuma fa? Ba ya yin ƙwai, ba ya shiga tukunya. To, wa zai fara?"

Aka kwashe da dariya, daga nan aka yi tsit. Wannan shirun har yau ina jin nauyinsa. Na fara ɗaga hannu, matata ta damƙe shi ta ce a hankali, "Kada ka kuskura. Na miji ba ya cikin lissafi." Ta tsaya kanta a ɗage.

Sai wata tsohuwa, mai kaɗa tulu a ƙungiyar zumuntar mata ta ikilisiya, wadda ko harafi ba ta sani ba, ta yi magana daga inda take zaune, da irin Hausar wajenmu. "Kai, ko doya ne ai ana juya shi a gani. Bari yarinya ya karanta mana kaɗan."

Matata ta fito tsakiyar fili ta soma. Muryarta ta fara da rawa, ta zo ta daidaita. Yara suka bar guje-guje. Ta kai daidai inda dangin miji suka shigo gonar da igiyar awo, gwauruwar ta miƙe riƙe da fartanya. Nan mai gwanjo ya fizge littafin.

"Ya isa! Wanda ya so sauran, hannu sama!"

Ban taɓa ganin hannuwa haka a gwanjon Godiya ba, kuma yawanci na mata ne. Tsohuwar ce ta ɗauki na farko, ta ce jikarta za ta karanta mata. Har dattijon nan na ƙofa na hango yana tura ɗaya cikin aljihun riga, yana kallon wani wajen.

Da jama'a suka watse, tsohuwar ta kamo zanen matata. "Ni ma sun zo mini da igiya, shekaran da maigida ya mutu. Ban iya faɗa ba, kai ka faɗa. To baɗi me za ka kawo? Manomi ba ya kawo godiya sau ɗaya."

Matata, wadda ba ta yi kuka ba duk lokacin da ake dawo mata da littafi, ta tsaya a wurin tana share hawaye da bakin ɗankwali. Ta ce, "Zan kawo, Mama."

Masu rubutu kan tambaye ni yanzu wace ƙofa za su ƙwanƙwasa. Ba ni da wata dabara, ni akawu ne. Abin da na gani dai, mace ta ɗauki aikinta ta kai shi inda za a iya yi mata dariya ido da ido, ta kuma hana mijinta rufa mata asiri. Ni ba zan iya ba. Godiya ta zagayo, ta kai na biyu, kuma a wannan karon, a wajen gwanjo, akuya ce ta jira aka gama da littafi.