Gorar Kofur

Har yau idan na yanka lemon tsami, Kakana nake fara tunawa. Da lemon da toka yake goge tagulla, kowace Asabar da hantsi, a zauren gidanmu na Abakwa.

Tsohon soja ne, cikin waɗanda aka kai yaƙin Bama, can ƙetaren teku, suna samari. Yana da wani koren akwatin ƙarfe da yake ajiyewa a ƙarƙashin gado. A ciki akwai gorunan ruwa, da kwanukan soja masu mariƙi, da bel mai kan tagulla, da lambobin yabo, da wata malafa da asu ya cinye bakinta. Kada ka ɗauka duk nasa ne. Nasa kaɗan ne a ciki. Sauran na abokansa ne da suka riga shi.

Duk wanda ya rasu a cikinsu, sai Kaka ya bari a yi sadakar bakwai, sannan ya hau kekensa ya je ya roƙi iyalan su ba shi abin da ya rage na soja. Yawanci ba su hanawa, don su tarkace suke gani. Wata damina har Rigachikun ya je, ya tarar ana ba kaji ruwa a kwanon mamacin. Ya dawo da shi a ɗaure a bayan keke, ya wanke, ranar ko tsokanar da ya saba yi mini bai yi ba.

A lokacin da na yi wayo, mutum ɗaya ya rage masa, maƙwabcinmu da kowa ke kira Kofur. Kirista ne, dogo, kunnensa ɗaya ba ya ji. Shi ma Asabar yake shigowa da tasa gorar, wadda ta lotse a gefe. Sai su baje kayan a tabarma, Kaka yana ɗagawa yana faɗin na wane ne, Kofur yana gyaɗa kai. Ni nake matse musu lemon. Ba su cika hira ba. Wani lokaci Kofur ya ce, "Saje, ka tuna ruwan nan?" Kaka ya ce, "Na tuna." Shi ke nan, sai ƙarar tsumma a kan ƙarfe.

Kakata ce ta gaya mini cewa a dajin can zazzaɓi ya taɓa kayar da Kaka, aka wuce aka bar shi. Kofur ne ya koma ya goyo shi, kuma da gorar nan ya yi ta ɗiga masa ruwa a baki.

Shekarar da gari ya rikice, 'ya'yan Kofur suka zo da mota suka kwashe shi zuwa ƙetaren kogi, kamar yadda mutane da yawa suka yi ƙaura a lokacin, wasu can, wasu nan. Kaka ya tsaya a ƙofar gida riƙe da hannunsa ta tagar motar.

"Kwana biyu ne, Saje," in ji Kofur. "Ƙura na lafawa zan dawo."

Bai dawo ba. Babana kuma ya hana Kaka zuwa, ya ce hanya ba ta da tabbas, ga ƙafa ta yi rauni. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota, ta gagari tsofaffin da suka taɓa ƙetare teku tare.

Kaka bai daina fito da akwatin ba. Sai dai yanzu shi kaɗai yake kiran sunayen, ba mai gyaɗa kai. Ni kuwa na fara girma, hankalina ya koma kan ƙawaye. Yakan ce, "Amarya, zo ki zauna ki ji na wane ne wannan." In ce ina zuwa. Sau da yawa ban zo ba.

Bayan shekara biyu, wata rana ruwa na tsugawa, wata mata ta yi sallama. 'Yar Kofur ce. Ta durƙusa, ta kwance ɗankwali, ta ajiye gorar a gaban Kaka.

"Baba, ya tafi tun wancan watan. Ya ce in kawo maka da hannuna, ka sa ta cikin 'yan'uwanta."

Kaka ya daɗe yana shafa lotsewar da babban yatsa. Sannan ya ce, "An gode, 'yata. Ya sha wahala?" Ta ce a'a. Ya ce, "To, madalla." Tun daga ranar ban sake ganin ya buɗe akwatin ba, har ya bi abokansa kafin damina ta zagayo.

Da aka zo rabon kaya, aka ce a ba 'yan gwangwan akwatin. Na zauna a kan akwatin ina kuka har Babana ya ce a bar mini. Da shi aka kai ni ɗakin miji.

Yanzu zauren nan ya zama shagon cajin waya, kuma a layinmu ba wanda ya tuna an taɓa yin wani Kofur. Kayan suna nan wurina, amma ban da na Kaka da gorar, ban san na wane ne ko ɗaya ba.

Bara na ɗauki gorar na ƙetare gada, don in nemi jikokinsa su ga abin kakansu. Na shiga unguwar da aka ce sun koma, na samu wani dattijo a bakin coci, na yi masa bayani. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Ba damuwa, 'yata, za mu nemo su. Yaya sunansa?"

Na buɗe baki, na tsaya. Shekara goma ina matse wa mutumin nan lemo, ban taɓa tambaya ba.