Sunan da Mode Bai Faɗa Ba

Duk wanda ya san Mode da abu biyu ya san shi, sanin daji da kunya. Bafulatani ne irin waɗanda suka riƙe sanda da hannu ɗaya, hauya da ɗayan. Yana zaune a Tungar Mu'azu, 'yar tunga mai gida goma sha ɗaya, can inda ƙasar Wurno da ta Rabah da ta Goronyo suka haɗa goshi. Daga Rara har bakin Gulbin Rima babu tsamiyar da bai sha inuwarta ba, babu burtalin da bai bi da shanu ba.

Kunyar kuwa ta wuce misali. Mu'azun da ya kafa tungar surukinsa ne, uban matarsa Kaltume, saboda haka tun ranar da aka ɗaura auren bakin Mode bai ƙara furta sunan nan ba. In an tambaye shi daga ina yake, sai ya ce daga gida. Ɗansa na fari, Ƙasimu, shi ma haka. Bai taɓa kiransa da suna ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko da yake kowa ya san in yaron ya yi tari Mode ba ya iya cin tuwo. Dattawa suna yaba masa, suna cewa ga cikakken ɗan Fulani. Ni ban ga abin yabon ba, don na san inda kunyar ta kai shi.

Wata shekara da rani wani Bature ya zo awon ƙasa, don a tsayar da iyakar hakimai a takarda. Aka nemi wanda ya san dajin, kowa ya nuna Mode. Kwana tara yana gaba, suna biye da shi da dawakai da sarƙar awo. Ran na tara suka sauka gindin wata kuka, malamin Baturen, wani baƙo daga nesa, ya buɗe littafi ya ce Mode ya lissafo masa duk ƙauyukan da ke bin dagacinsu na ɓangaren Rabah.

Mode ya jero su tas, har da tungayen da mutanensu suka watse. Da ya zo kan tasu sai ya sunkuyar da kai.

"Sai kuma gida," in ji shi.

"Gidan wa?"

"Gida dai, Malam."

Malamin ya gaji, rana ta dake shi, ya ɗauka bukkarsa yake nufi, ya rufe littafi. Da Mode ya ga dama, da ya kira ko mai jan doki ya faɗi sunan a madadinsa. Bai kira ba. A ransa cewa yake, wa bai san inda Tungar Mu'azu take bi ba? Tun kafin zuwan Nasara iyayen Mu'azu ke kai wa gidan dagacin nan nono da man shanu, su kuma suna tsaya musu in manoma sun tare hanya. Bai taɓa jin inda takarda ta ɗauke gari daga mazauninsa ba.

Ashe tana ɗaukewa. Bayan damina biyu dogarai suka zo da 'yan aiki, aka tara duwatsu gabas da tungar, aka shafa musu farar ƙasa. An ja layi miƙe daga kukar nan zuwa wani tsauni, kuma tun da littafi bai san akwai mutane a tsakani ba, layin ya bar su a yamma. Aka ce daga yau wani dagaci za su bi, can wajen Wurno, mutumin da ko fuskarsa ba su sani ba. Tsoho Mu'azu ya ji labarin yana kwance, ya ce a juyar masa da shimfiɗa ta fuskanci gabas. Bai kai kaka ba ya rasu.

Sabon dagacin ba wani mugu ba ne na a-zo-a-gani. Bai dai san su ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya sani ba. Mutanensa suna kiransu baƙin takarda. Aka nome burtalin da suke bi zuwa gulbi, suka kai kuka, aka ce su zo gobe. Gida uku suka tashi suka yi Goronyo. Mode ya zauna, ya ƙara shiru a kan shirunsa, bai gaya wa kowa abin da ya faru gindin kuka ba sai Kaltume.

Ana nan yaƙin Turawa ya tashi, aka soma ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna. Kowane dagaci aka yanka masa yawan mazan da zai kawo. To, mutum in an ce ya ba da 'ya'yan wasu, ai ba zai fara da waɗanda uwayensu za su zo su yi masa kuka a ƙofar gida ba. Ya fara da baƙin takarda. Lokacin Ƙasimu ya zama cikakken namiji, da matarsa, da garkensa, shi ne ma ke riƙe da gidan. Sunansa ne na farko.

Mode ya tsallake duwatsun nan da sassafe ya tafi wurin tsohon dagacinsu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙe shi don amanar da ke tsakanin gidajen biyu. Dattijon ya ji tausayinsa ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce hannunsa bai kai can ba. Da suna cikin littafinsa, da ya san yadda zai yi. Ba sa ciki.

Ranar tafiya Ƙasimu ya zo ya durƙusa gaban ubansa. Mode ya kau da kai kamar yadda ya saba, ya ce Allah shi kiyaye hanya, shi ke nan. Ko hannu bai ɗora masa a ka ba. Da ayarin ya ɓace Kaltume ta dube shi, ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Ubana bai roƙe ka wagga kunya ba," ta ce. "Da ka hwaɗi sunan nai sau guda, mi zai same ka?"

An ce wata huɗu za su yi. Wata na biyar mutane suka fara dawowa, ramammu, suna tari, suna ba da labarin sanyin da ba su taɓa gani ba. Ƙasimu bai dawo ba, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce ba ramin haƙa ɗaya aka sa su ba. Mode ya ɗauki sandarsa ya taka har Wurno, inda aka ce akwai takardar waɗanda suka tafi. Ya wuni a rana kafin a kira shi gaban wani malami mai alƙalami a kunne.

"Wa kake nema, Baba?"

"Ɗana na."

"Mi as sunan nai?"

Mode ya duba hagu, ya duba dama, ko zai ga wani na gida. Babu kowa. Shekara ashirin da shida sunan nan yana bakinsa bai fito ba.

"Ƙasimu," ya ce. "Ƙasimu na Tungar Mu'azu."

Malamin ya bi layi da yatsa, ya juya shafi, yatsan ya tsaya. Ya ce Allah shi jiƙan shi, ciwon haƙarƙari ne, tun wata na biyu, kuma can aka binne shi.

Mode ya yi shekara tara bayan wannan. Tungar ta ci gaba da watsewa har ya rage gida biyu. Ya bar kiwo, ya bar noma. Kullum in ya yi sallar asuba sai ya tafi ya zauna jikin tarin duwatsun nan, kuma duk wanda ya zo wucewa, ko mai jakin albasa ko mai tallar nono, sai ya tsai da shi, ya nuna masa bukkokin da sanda.

"Nan Tungar Mu'azu ta. Mu'azu surukina na. Nan anka haihi ɗana Ƙasimu."

Mutane suka ce tsohon ya taɓu, har kunyarsa ta tafi. Wasu sukan tsaya su ce Allah shi jiƙan su, wasu ko waiwaye ba sa yi. A cikin masu wucewar nan duka babu mai littafi.